Saniyar da ta Ci Wandon Atta

Danchadi, Boɗinga
Ranar Lahadi

Zuwa ga ɗan kawuna kuma taubashina, Malam Attahiru na Shagari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da 'yan makaranta. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙulla gaba da ruwan fadama. Atika tana gaishe ka. Ta ce hawan jininta ya sauka, na ce ai tun da na bar yi mata waƙa da safe ne.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya gaji, ba ni ba. Da kana ɗaukar waya da ban wahalar da biro ba. Na kira ka har wayar ta fara jin kunyata. Sannan buhun albasar da na aiko maka, Ɗantani direba ya maido mini shi, ko ɗinkin ba a kwance ba. Tun da nike ban taɓa ganin ka mai da abinci ba, ko lokacin da kake zazzaɓi.

Atika ta ce waƙar ɗanmu Badaru ce ta ɓata maka rai. Na ce haba! To bari in gaya maka yadda anka yi, don kada ka ji a bakin 'yan tasha.

Ka san na tura yaron nan Sakkwato ya koyi aikin lantarki. Lantarkin da ya koya shi ne jona jita da wuta. Sun haɗa ƙungiya da abokainai, da jita biyu da gangunan bature da wani ɗan fiyano, kiɗa mai ƙara wanda suke kira rok. Sunka sa wa kansu suna Samarin Fadama, alhali cikinsu shi kaɗai ya taɓa taka laka. Shekara biyu suna waƙar soyayya ba mai saurare. An taɓa kashe masu janareta a wurin biki, uwar amarya da kanta ta kashe.

Bara lokacin cirar albasa ya zo gida. Ina zaune a rumfa ina ware ruɓaɓɓu, bakina shina aikin da ya saba, sai ga wagga waƙa da na yi maka tun muna samari:

Atta ya je rafi wanka,
Ya aje wando bisa kara,
Saniya ta zo ta yi kalaci,
Atta, da mi za ka koma gida?
Mai nono, ara mai zane!

Yaro ya matso, ya ce, "Baba, in ɗauka a waya?" Na ce ɗauki, ai ba gonar gado ba ce. Ashe ya kai wa abokainai. Sunka ɗora jita a kai, sunka kira wani mai kalangu ya shiga tsakani, wurin "ara mai zane" kuma duk su ɗaga murya tare, gangunan su ruɗe. Sunka sa mata suna "Wandon Atta".

Malam, ka ga ikon Allah. Gidan rediyo ya sa ta sau ɗaya, mutane sunka dame su da kira. Yanzu 'yan kabu-kabu masu haya da babur ita suke ji, masu shayi ita, mata a wurin biki ita. Ɗantani ya ce har Ƙonni ta Nijar ya ji ta a wayar wani mai canji. Wata mai zuwa an gayyace su Kano wani babban taro. Yaron da nike wa faɗa kan ya bar kiɗa ya kama fartanya, yau shi ya aiko wa uwarshi atamfa.

Kuma ka duba, Atta kawai anka ce. Ka jefa tsakuwa a kasuwar Boɗinga, in ba ta faɗa kan Bello ba, to kan Attahiru za ta faɗa. Wa ya san kai ne? Balle ma tsakanina da kai ai wasa halal ne. Kai ma ka sha kirana Kan Tulu gaban surukaina, ban kai ƙara ba.

Ga albasar nan na sake aikowa. In ta dawo, ni zan shiga buhun.

Naka ɗan gwaggonka,
Mainasara

*

Shagari
Ranar Talata

Zuwa ga Mainasara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, alhamdu lillahi. A gaida Atika, Allah shi ƙara sauƙi.

Na karanta takardarka. Kana dariya, ni ban ga abin dariya ba. Wasan taubasai a zaure ake yinsa, tsakanin mutum biyu da sunka san girman juna. In ya hau lasifika, sunansa zambo.

Ga abin da ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba. Limamin masallacin unguwarmu ya rasu watan jiya. Shekara da shekaru ni ne na'ibinsa. Dattawa za su zauna ranar Laraba ta sama su tsai da wanda zai gaje shi, ko ni ko Malam Nuhu. Ka san wurin. Nan mahaifina, kawunka, ya tsaya har idonsa ya rufe, kuma ka san wasiyyar da ya bar mini kan wurin nan kafin ya cika.

Yanzu duk inda na bi waƙar nan nake ji. Akwai wata 'yar garinku da ke aure nan, ta fara cewa ita ta san Attan. Shekaranjiya mai nama ya kalli ƙafafuna, ya sunkuyar da kai yana gyaran murya. Ba wanda ya fito fili tukuna, amma wuta ce a ƙarƙashin ƙaiƙayi.

Albasa na ba maƙwabta. Abin da ya kamata a yi, kai ba yaro ba ne, ka san shi. Ba sai na faɗa ba.

Attahiru

*

Danchadi
Ranar Laraba

Zuwa ga Malam Attahiru, Allah shi gafarta Malam.

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, don tun da takardarka ta zo ciwon ya tashi ya koma ciki.

Wallahi ban san da maganar limanci ba. Labarin rasuwar ma a kasuwa na tsinta, na ce sai na kwashe albasa in zo ta'aziyya, ka ga irin hankalin ɗan gwaggonka. Na karanta takardar, na ba Atika ta riƙe, na sake karɓa na karanta. Wurin Kawu! Ni da ya yi wa kaciya da kuɗinshi, ya kuma biya mini sadaki, ni zan zama sanadin a ture ɗanshi?

Amma na gane abin da kake nufi. Ka ce na san abin da ya kamata, kuma na san shi. Wanda anka ci wa mutunci a kasuwa, ba a ba shi haƙuri a bayan ɗaki. Haka Kawu ya koya muna. Ka tuna lokacin da na zagi Sarkin Noma, sai da ya sa na durƙusa gaban jama'a na kira sunan mutumin da na ubanshi.

To Allah ya kawo sauƙi. Ranar Asabar da hantsi gidan rediyo za su yi hira da su Badaru kan tarihin waƙar. Na kira shi jiya. Na ce, "Kai, ɗan jita, in sunka ba ka abin magana, kafin ka ce uffan sai ka ba Baffanka haƙuri."

Ya ce, "Baba, anya? Ba gara a yi shiru ba?"

Na ce, "Shirun uwaka. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Ya ce, "To in ce muna ba duk wani mai suna Atta haƙuri."

Na ce, "Ji mini ɗan banza! Buhun gero ne da za ka raba wa gari? Ba a ba babba haƙuri da rabin suna. Ka faɗi sunanshi cikakke, da na mahaifinshi, da garinshi, da makarantarshi, kowa ya san mutumin kirki ne mai karantar da Alƙur'ani. In ka rage ko ɗaya, kada ka sake taka Danchadi."

Sannan ya ce to. Yaran yanzu, sai ka nuna masu hanya da sanda.

Don haka ka kunna rediyo ranar Asabar. In da hali ka kira dattawan su saurara tare da kai. Ka ga aji huɗu ma wata rana shina da amfani.

Naka mai neman gafara,
Mainasara

*

Shagari
Alhamis

Mainasara,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka hana shi! Don girman Allah ka hana shi.

Shiru nake nufi. Shiru kawai. Ku bar yaɗa ta, ku bar hira a kanta, har Laraba ta wuce. Yau zato ake yi, zato kuwa ba ya hana mutum limanci. In ya faɗi sunana, ya gama da ni.

Na nemi lambarka ban samu ba, don ranar da raina ya ɓaci na sa an goge ta, ban kuwa haddace ba. Na ba Ɗantani wagga takarda hannu da hannu, ya rantse yau za ta kwana wurinka. Da ta iso ka kira ni.

Attahiru

*

Danchadi
Lahadi

Malam,

Sallama. Ban san ko in tambayi lafiyarka ba, don na san amsar.

Takardarka ta Alhamis yau ta iso. Motar Ɗantani ta lalace a Dandin Mahe, ya bar ta wurin makanike da takardar a cikin aljihun gaban motar, ya tafi bikin ƙanwarshi. Yau ya miƙo mini yana washe baki, wai a yi haƙuri. Ban ko iya zaginshi ba. Da wane baki?

Jiya kuwa da ka gan ni da ka ce an ba ni sarauta. Na sa babbar riga. Na fito da rediyo ƙofar gida, na shimfiɗa tabarmi, na tara mutane, har goro na raba. Anka fara hira. Sunka faɗi yadda sunka haɗu, da yadda mai gangunan ya sai da akuyar uwarshi ya sayi ganga, da yadda sunka ɗauki waƙar a wani ɗaki da anka liƙa wa katifu a bango. Sannan Badaru ya yi gyaran murya. Bai rage komai ba. Malam Attahiru ɗan Liman Abdullahi, mai makarantar allo ta bayan kasuwa, Shagari. Har ya ƙara da cewa kai ne na'ibi. Ni ko ina ta gyaɗa kai awa ƙadangare, ina cewa madalla da ɗa.

Sai mai shirin ya ce, "Af! Ashe Atta na nan da ranshi? Ashe abin ya faru da gaske?" Ya fashe da dariya har shina buga tebur. Ya ce bari a sake sa waƙar don girmama Malam. Sunka sa ta.

A nan na ga fuskar Atika a bakin zaure. Ta juya ta shige. Mutanen da na tara suna ta tambayata wace Bafulatana ce, zanen wane launi ne. Tun kafin takardarka ta zo jikina ya ba ni.

Na kira wayarka, a kashe. Badaru ya kira ni shina kuka, ya ce ai ya gaya mini. Ya gaya mini kuwa.

Ga abin da ya rage, ka saurare ni ko sau ɗaya. Ranar Laraba zan zo gaban dattawa in ce ƙarya ce. In ce ba rafi, ba saniya, ba zane, ni na ƙaga don hassada, don kai ka yi karatu ni na tsaya da albasa. Za su yarda, kowa ya san bakina. Daga mu sai Allah sai saniyar munka san gaskiya, ita kuwa an daɗe da cinye ta. In sun ce in rantse, wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba ruwanka. Badaru kuma ya ce zai janye waƙar daga rediyo, ya fasa zuwa Kano, ko abokainai za su rabu da shi.

Ban ba Ɗantani wagga ba. Na ɗauki ɗan kabu-kabu takanas, na ce kada ya dawo sai da amsa.

Mainasara

*

Danchadi
Talata

Malam,

Mai babur ya dawo hannu wofi. Ya ce ka karɓa, ka karanta a tsaye, ka ce ya gaida gida. Daga nan ba ka ƙara ba.

Ban san fassarar wannan ba, kuma na tuba da fassara maganarka. In zo gobe ko kada in zo? Na goge riga, na kuma mai da ita cikin akwati, na sake fiddo ta. Atika ta ce in na taka Shagari ba da izninka ba, in iske ta gidansu. Ko kalma ɗaya ka aiko, ko zagi ne.

Mainasara

*

Shagari
Ranar Alhamis

Zuwa ga Mainasara ɗan gwaggo.

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Na gode da ba ka zo ba. Da gangan na ƙi amsawa, don na san in na ce kada ka zo, za ka ce kunya ce ta sa na faɗa, ka hawo mota.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin tayinka. Na kwana biyu ina juya shi. Shaiɗan ya gyara mini shi tsaf, har ya nuna mini inda za ka zauna. Amma ka duba abin da kake so in yi: in hau wurin mahaifina a kan rantsuwar ƙarya, in riƙa juyowa ina ce wa mutane su daidaita sahu.

Tun ranar Asabar garin ya canza. Ba wanda ya zage ni. Gara ma zagi. Gaisuwa ce ta yi yawa, kowa na son ya ga fuskata kusa. Ranar Litinin na ja sallar La'asar. Wani ya wuce bisa babur da waƙar a wayarsa, daidai muna ruku'u. Na ji dariya ta ƙwace wa wani a sahun baya, na kusa da shi ya kama. Bayan sallama sai da samari da yawa sunka sake salla, har da wani mai furfura.

Jiya dattawa sunka zauna. Alhaji Haliru, babbansu, abokin mahaifina ne, ya so ya buɗe mini ƙofa. Ya ce, "Malam, mawaƙa maƙaryata ne, kowa ya sani. Ka ce ƙage ne, mu rufe maganar."

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, ba ƙage ba ne. Ina yaro na je hutu wurin gwaggona a Danchadi. Saniya ta tauna wandona, wata baiwar Allah ta rufa mini asiri da zanenta, na isa gida. Allah shi saka mata."

Ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Da ya natsu sai ya ce ba laifi ba ne, ba kuma zunubi ba ne, amma sallar jama'a amana ce, ba za su sa wanda ganinsa zai riƙa ɓata ta ba. Sunka ba Malam Nuhu. Na tashi na yi masa mubaya'a. Sun bar ni na'ibi, da sharaɗin in ɗan huta da jan salla har abin ya lafa.

Ba zan ce maka ban ji zafi ba. Na shiga ɗakin mahaifina na zauna, ban iya buɗe littafi ba. Ba zan kuma ce na yafe ba, don ban kai nan ba tukuna, kuma na ƙi ƙarya a gaban dattawa, ba zan yi maka ita a takarda ba.

Ka gaya wa Badaru ya tafi Kano. Janye waƙar ba zai mai da ni mihrabi ba, sai dai a yi hasara biyu a gida ɗaya. Shi ya ce a yi shiru, kai ka ƙi.

Kai kuma ga naka. Gobe Juma'a ka zo. Ba da albasa ba, ba da jawabi ba. Daga ƙofar gidana za mu taka a ƙasa, mu ratsa tsakiyar kasuwa har babban masallaci, kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ya tambaya, zan ce ga mai waƙar, taubashina ne. Duk kallon da ake yi mini, a raba shi biyu. Ba za ka buɗe baki ba har mu dawo.

Attahiru

*

Danchadi
Alhamis da yamma

Malam,

Na ji. Motar farko zan shigo.

Na karanta wa Atika, ta yi kuka, ni kuma na fita duba rumbu, ko da yake ba komai cikinshi. Allah shi jiƙan Kawu. Ban san da wace fuska zan wuce ƙofar ɗakinshi ba, amma ita ɗin dai zan kawo, ba ni da wata.

Ka ce kada in buɗe baki. Na fara tun yau. Atika tana haɗa mini kaya ta tambaye ni wane wando zan sa. Malam, magana ta zo mini har bakin haƙora, mai kyau, irin wadda ba ta zuwa sau biyu. Na haɗiye ta.

Sai na iso.

Mainasara